Dutse na Arba'in da Ɗaya

Ranar Talata da hantsi mai maɗaba'a ya kira ni a waya ya ce littafina yana da duwatsu arba'in da ɗaya. Na ce masa arba'in na rubuta. Ya ce haka jerin babi ya nuna, amma ya ƙirga da kansa sau biyu, ya kuma sa mai shigar masa da rubutu a kwamfuta ta ƙirga, arba'in da ɗaya suka samu. Na ce to ko dai tsufa ya fara taɓa masa lissafi, ko ɗaya daga cikin duwatsun ya haihu a hanya. Bai yi dariya ba. Ya ce in zo in gani da idona, kuma kada in zo da 'yata.

Shekara talatin da huɗu na yi ina gyaran rubutu a wannan maɗaba'a, kafin su sallame ni da agogon bango da ba ya tafiya daidai. Mai wurin na yanzu a lokacin a kan inji yake, kullum hannunsa baƙi har gwiwa, muna ce masa Tawada. Ni kuma Jan Biro. Ba sunan ƙauna ba ne. Na taɓa mayar wa wani marubuci da aikinsa da gyara ɗari huɗu da tara, ya zo har teburina ya ce in ji tsoron Allah. Na ce masa ina ji, shi ya sa ban bar ko ɗaya ba.

Littafin kuwa shekara ashirin da shida ina haɗa shi, a kan duwatsun da mutanen duniya suka tsarkake. Akwai Sina, akwai Judi inda jirgin ruwan ɗufana ya tsaya, akwai Olimfus inda Girkawan da suka ajiye allolinsu suna ta rigima kamar 'yan gidan haya. Akwai Kailash da ba a hawa, zagaye shi ake yi, wasu ma da rub da ciki. Akwai Fuji da aka daɗe ana hana mata kaiwa samansa. Akwai wani a Sirilanka mai sawun ƙafa guda, addinai huɗu kowanne ya ce na nasa ne. Kowane babi tsarinsa ɗaya: wuri, tsayi, masu girmama shi, abin da aka yi imani da shi, yadda ake hawa, abin da aka hana, sai madogara a ƙarshe. Duk abin da ba shi da madogara ba ya shiga. Ban taɓa hawa ko ɗaya daga cikinsu ba, ban kuma ga dalili ba. Masu hawan da na karanta labarinsu, ba abin da suke dawowa da shi sai kumburin ƙafa da surutu.

Ni nake rubutawa da hannu, matata ce ke bugawa. Aikinta ke nan dama, ta yi shekara talatin tana buga takardu a wani ofishi, ta yi ritaya ta dawo gida da tsohuwar tafiretar da suka ce ba sa so. Tsarinmu bai taɓa canzawa ba. In na gama babi in ajiye mata a kan teburin cin abinci. Ta buga, ta turo min ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin karatu. In bi da jan biro in mayar. Ta sake bugawa tsaf, ta maƙala mai gyaran a bayan mai tsaftar da fil, ta sa kwanan wata, ta jefa a kwali. Ina kiranta Sakatariya, tana kirana Malam. A gaban baƙi ma haka.

Ta rasu wata goma sha ɗaya kafin wannan Talatar. A kan matakala, tsakanin hawa na biyu da na uku, da ledar cefane a hannu. Gidanmu a hawa na huɗu yake, ginin ba shi da lif, na'urar nan mai kai mutum sama, bai taɓa yi ba. Likita ya ce zuciya ce, kuma ba ciwon jiya ba ne. Na ce ban taɓa sani ba. 'Yarmu, wadda ita ce ta fari ita ce auta, ta tsare ni a baranda ranar, idonta jajur, ta tambaye ni ko uwarta ta taɓa gaya min wani abu, ko da wasa. Na rantse mata ba ta taɓa ba. A iya sanina gaskiya na faɗa.

Tun daga nan Auta take fushi da uwarta. Ba ta faɗa a fili, amma na san muryar. Ita da ke aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, a ce uwarta ta yi ta yawo da zuciya irin wannan ba ta gaya wa kowa ba. Duk Asabar takan hau benen nan ta zo, ta share, ta duba kwalaben maganina, ta ce Mama ta cuce mu. Ita kaɗai ce ke hawowa. Abokaina rabi sun mutu, rabin kuma na gyara musu rubutu. Ita ce kuma ta ɗauki kwalin ta kai wa Tawada, wai in na ga littafin a buge zan sami abin da zan riƙa tashi dominsa da safe.

Na sami Tawada a ofishinsa, ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi ko don zafi. Ya tambayi ƙafata, na tambayi hawan jininsa, muka yi wa juna ƙarya. Sannan ya turo min takardu biyu maƙale da fil. Ya ce tsakanin babi na ashirin da bakwai da na ashirin da takwas aka same su. Bugun tafiretarmu ne, na san ta da harafin da ke ɗan ɗagawa sama. Kan babin: Dutsen Bene. Na kawo shi nan yadda yake.

Wuri: Ƙarshen layi, bayan kantin magani, daidai inda bas ke juyawa.

Tsayi: Taki sittin da takwas. Da kaya a hannu ya fi haka.

Masu girmama shi: Mace ɗaya. Da su biyu ne, ɗayar ta yi aure.

Abin da aka yi imani da shi: An ce a ƙololuwa akwai wani mai ilimi a bayan rufaffiyar ƙofa. Ana kai masa shayi sau uku a rana. Ba ya cutar da kowa. Ba a taɓa jin ya leƙo ƙasa ba. In an yi masa magana yakan ce a rubuta a ajiye masa.

Yadda ake hawa: Da can a numfashi ɗaya, da goyo. Yanzu zango uku. Na farko a taki na sha bakwai, ana riƙe ƙarfe ana yin kamar ana neman makulli. Na biyu a ƙofar mai ɗinki, akwai kujera. Na uku taki biyar kafin ƙololuwa, a nan ake jira numfashi ya daidaita don kada a shiga da haki a dami mai karatu.

Abin da aka hana: Tari kusa da ƙofa. Matsar da takarda. Tambayar yaushe littafi zai ƙare.

Halin da ake ciki: Likita ya duba mai ziyarar ranar Litinin. Ya ce zuciyarta ta ƙara girma ta kuma gaji. Ya ba ta ƙwayoyi iri uku, ya ce amma babban maganin shi ne ta daina hawan bene. Ya ce in ta ci gaba ba zai yi mata alkawarin shekara biyu ba. Gidan ƙasan benen nan mai koren ƙofa ba kowa har ƙarshen wata, mai ginin ya ce zai ba mu in muna so. Na san bangon baya yana da danshi, na kuma san abin da danshi ke yi wa littattafai. Shi ya sa ban faɗa da baki ba, don kada ka ba ni amsa da sauri. Ka karanta a tsanake, Malam. Duk abin da ka ce shi ke nan.

Madogara: Ni.

Kwanan watan da ke ƙasa ya nuna wata goma sha huɗu kafin ta faɗi.

Na ce wa Tawada ban taɓa ganin wannan takarda ba. Ya sa yatsa ya ɗaga ta sama. A bayanta ga bugun farko, irin wanda ake turowa ta ƙarƙashin ƙofa. Gyara uku da jan biro: harafi da ya maimaitu, waƙafi da ya ɓace, da wata kalma da ta manne da 'yar uwarta. A ƙasa, da hannuna, da irin rubutuna mai kwanciya gefe: Uku kawai. Kin fara iyawa.

Dole in yi bayani a nan, ba don in wanke kaina ba. Mai gyaran rubutu da ya san aikinsa ba ya karanta shafi yadda mutane ke karantawa. In ka bi jimla daga farko, ma'ana za ta ɗauke ka, idonka ya ga abin da yake tsammani ba abin da ke kan takarda ba. Don haka nakan ɗora rula a layin ƙarshe in fara daga kalmar ƙarshe in yi baya, ɗaya bayan ɗaya, har in fito ta kan shafi. Kowace kalma ita kaɗai take zuwa, ba dangi, ba labari. Waƙafi da aya kuwa, ido ya saba da inda suke zama kamar yadda mai gida ya san inda ya ajiye takalmi. Rubutun wasu nakan sake bi daga farko daga baya, don na san ba su da hankali. Nawa kuwa me zan karanta? Ni na rubuta. Shekara ashirin da shida ban taɓa bin bugunta daga sama zuwa ƙasa ba. Na wuce ta kan kalmar likita, da zuciya, da Malam, na tabbatar kowacce an buga ta daidai.

Ko ta san haka nake karatu? Ban taɓa gaya mata ba. Ƙofar a rufe take.

Tawada ya san hanyar, ya sha ganina da rula. Ya ce, "Jan Biro, daga baya ka karanta, ko?"

Na ce daga baya.

Ya shafa kansa, ya kalli silin. Ya ce matar da ta shigar da rubutun ta yi kuka, amma ba ta san mu ba, kuma ba mai surutu ba ce. Ya ce Auta za ta zo ranar Litinin ta ga gwajin bugu, kuma cire babi a kwamfuta bai kai shan ruwa wuya ba. Jerin babi ya ce arba'in, sai a bar shi arba'in. Shi dai bai ga komai ba, dama idonsa ya lalace.

Na ce ya cire. Na ce babin ba shi da madogarar da za a iya dubawa. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa inji in ya ci takarda, amma ya ce to. Na ninke takardun biyu na sa a aljihu.

A bas na yi lissafina, kuma lissafin ya fita. In Auta ta ga wannan takarda za ta san uwarta ta faɗa, ta faɗa wa wanda ya kamata, shi kuma ya ba ta maki. Yarinyar da ta gaji bakina da zuciyar uwarta ba za ta sake hawa benen nan ba. In ba ta gani ba, za ta ci gaba da zuwa duk Asabar tana cewa Mama ta cuce mu, ni kuma in ci gaba da yin shiru. Wadda ta mutu ba ta jin zargi. Haka na gaya wa kaina, da kalmomi masu kyau, har bas ya juya a ƙarshen layi.

Gidan ƙasa yanzu shagon aski ne. Sun mayar da ƙofar shuɗiya, sun sa madubi a bangon baya. Mai askin ya gaishe ni kamar kullum, ya ce yaushe dattijo zai ba shi kan nan. Na ce ranar da ya koyi rubuta sunan shagonsa.

Na fara hawa ina ƙirgawa, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara talatin da ɗaya. A taki na sha bakwai fentin ƙarfen ya goge, ya yi sumul, daidai faɗin tafin hannu. A hawa na biyu ga kujerar roba a gefen ƙofar mai ɗinki. Na sha yin magana a kan kujerar nan. Har takarda na taɓa rubuta wa mai ginin cewa tana tare hanya, kuma in gobara ta tashi ita za ta kashe mu. Sakatariya ce ta buga min takardar.

Na zauna. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Mai ɗinkin ta girme ni da shekara biyu ko uku, kullum da tsinin allura a baki da zare a kafaɗa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Malam na sama a kan kujerar gobara."

Na ce ƙafata ce. Ta ce ai kowa da ƙafa yake farawa. Ta shiga ta kawo min ruwa a kofi, ta jingina da bango tana kallona ina sha kamar ta ba ni aro. Na tambaye ta me ya sa ba ta ɗauke kujerar ba tunda mai zama ta tafi. Ta ce ta ɗauke sau ɗaya, wurin ya yi mata fili da yawa.

Na ce, "Kin san da ciwon?"

"Ni na raka ta asibiti. Kai kana kan dutsen mutanen Japan."

"Me ya sa ba ki hau kin gaya min ba?"

Ta cire allurar daga baki ta soke a gaban rigarta. Ta ce ta so ta hau, Sakatariya ta hana. Ta ce mata ta riga ta rubuta min, tunda ni da rubutu kawai nake jin magana. Kwana biyu tana jira, ta kasa cin abinci. A rana ta uku ta sauko ta zauna a nan inda nake, ta nuna mata takardar da jan biro. Mai ɗinkin ta ce ita ba ta gane ba, ta tambaye ta to me ya ce. Sakatariya ta ce ya gani, ya gyara, wannan ai amsa ce.

"Na ce mata ta gaya wa 'yarta. Ta ce in mijinta ya ji ya yi shiru, ba za ta kai ƙararsa wurin 'yar da ya haifa ba. Ta sa na rantse. Ni kuwa Malam, wata goma sha ɗaya ke nan ina jin yarinyar nan tana wucewa ta nan tana ƙunƙuni a kan uwarta, ina cizon harshe. Saura kaɗan ya gutsure."

Na ce mata ban karanta ba. Na fara yi mata bayanin rula. Ta saurara har na kai rabi, sannan ta karɓi kofinta.

"Ni ɗinki na sani," in ji ta. "Amma ko ni, kafin in yanka yadi sai na tambayi na wane ne."

Ta rufe ƙofa. Keken ya ci gaba.

Laraba da Alhamis da Juma'a na zauna da kwalin littafin da na sa Tawada ya aiko min gida, na karanta shi daga shafin farko zuwa na ƙarshe, yadda 'yan makaranta ke yi. Ba shi da daɗi sosai. Mutumin da ya rubuta shi ya san tsayin komai. Inda ya ɗan yi rai, in na duba rubutun hannuna sai in ga ba haka na rubuta ba. Ta datse min jimloli masu tsawon layi shida. Ta cire kalmar haƙiƙa, a ƙirgata, sau ɗari da goma sha biyu. A babin Kailash na rubuta cewa masu zagaye da rub da ciki suna nuna iyakar jahilcin ɗan Adam. A bugunta an ce suna nuna iyakar haƙurinsa. Na duba mai gyaran da ke baya. Na bi ta kan kalmar, na bar ta, don an buga ta daidai.

Takardun biyu suna aljihun rigata duk kwanakin nan. Na fito da su sau ɗaya a kicin kusa da murhu. Ina da ashana. Na mayar da su, na gaya wa kaina takarda mai fil ba ta ci da kyau.

Ranar Asabar da la'asar na ji takunta. Tana hawa kamar uwarta a da, ba tsayawa. Ta shigo da leda biyu, ta ce Baba ka rame, ta buɗe tagogi, ta ce ɗakin yana warin tsohuwar jarida. Na ce jaridar ce ta biya mata makaranta. Ta ƙirga ƙwayoyina ta kama ni da rarar biyu. Tana goge teburin cin abinci ta ɗaga mayafin tafireta ta kakkaɓe, ta tsaya da tsumma a hannu.

Ta ce jiya an kawo musu wata mata a asibiti, irin ciwon Mama sak, shekararta tara da shi tana nan garau, don ta faɗa da wuri an kula da ita. Ta ce ita abin da ba za ta taɓa ganewa ba, me muka yi wa Mama da ta raina mu haka. Muna gari ɗaya, kai kana ɗaki ɗaya da ita, ta zaɓi ta mutu a kan matakala kamar wadda ba ta da kowa.

Na riga na shirya abin da zan ce, wato ba komai. Na yi wata goma sha ɗaya ina faɗarsa ba tuntuɓe. Sai na ga hannuna ya shiga aljihu. Ina da ƙa'ida ɗaya da na rayu a kanta: in na ga kuskure a shafi ba na iya barinsa ya wuce, ko na wane ne. Ba nagarta ba ce, ciwo ne. Na ajiye takardun a kan tebur kusa da tafireta na ce ta karanta daga sama.

Ta karanta a tsaye. A wurin shayi sau uku ta yi 'yar dariya ta hanci. Daga nan ba ta sake ba. Da ta kai madogara ta ja kujera ta zauna. Ni na ɗaga mata takardar sama don ta ga ta bayan, ban jira ta gano da kanta ba. Ta daɗe tana kallon layin da na rubuta.

"Baba, rubutunka ne."

"Nawa ne."

"Ka rantse min."

Na ce na rantse, kuma ban yi ƙarya ba, na yi abin da ya fi ƙarya. Na yi mata bayanin rula har ƙarshe, ita ba ta katse ni ba. Ta tambaya ko wannan takardar kaɗai na yi wa haka. Na ce duka. Ta ce shekara ashirin da shida. Na ce da wata huɗu.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Na so a ce ta yi. Ta ninke tsumman gida huɗu ta ajiye. Ta tambaye ni me na ce wa mai maɗaba'a, na gaya mata gaskiya. Ta ciro wayarta a gabana ta kira shi, ta gaishe shi da ladabi, ta ce Kawu a mayar da babin inda aka same shi, a gyara jerin ya zama arba'in da ɗaya, a kuma sa sunan Mama a bango. Ta ɗan saurara, ta ce a'a, a sama da nasa. Ta dube ni ko zan yi magana. Na ce ta gaya masa kada ya taɓa ko waƙafi ɗaya, an riga an duba.

Ta ɗauki jakarta da takardun biyu. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, ta yi wata goma sha ɗaya tana zagin uwarta a zuci, a kan sallaya ma, kuma ni na zauna ina ji. Na ce kwana huɗu ne kawai na sani. Ta ce ta ji, amma yau ba za ta iya raba kwana huɗun da wata goma sha ɗayan ba.

Na ji takunta yana sauka. A hawa na biyu ya tsaya. Na ji ƙofa ta buɗe, keken ɗinki ya yi shiru, bai sake tashi ba sai bayan awa guda.

Mako bakwai ke nan ba ta hau ba. Ba ta yanke ni ba, ba halinta ba ne. Duk Asabar takan tsaya da mota a gaban shagon aski ta danna oda sau biyu, ni in sauko in karɓi leda da magani. Takan tambayi ƙafata ta tagar mota, in ce da sauƙi. Makon jiya ta kashe injin ta yi minti goma, ta ba ni labarin ɗanta da ya fara haƙori. Ban san ko wannan ci gaba ba ne, ba ni da madogara. In ta tafi sai in hau da kayan. Zango uku nake yi. Mai ɗinki ta daina yi min ba'a, ruwa kawai take miƙo min, wanda ya fi ba'ar zafi.

Littafin ya fito. Tawada ya aiko min da guda biyar. Na sami kuskure biyu a shafi na casa'in, na bar su.

Mutane suna tsammanin abin da ke cin wanda matarsa ta mutu shi ne bai ce yana sonta ba, ko bai roƙi gafara ba. Ita ba ta nemi ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya ta yi min, a rubuce, yadda na ce a riƙa yi, ta kuma ba ni har ƙarshen wata. Na auna amsar ta kowace fuska, na cire duk abin da ba a bukata, ba ta fi layi ɗaya ba. Da na buɗe ƙofar ne kawai, in same ta a kan tafireta, in ce: Sakatariya, bar littattafan su ruɓe, tashi mu sauka.